Ranar da Bos Ya Zama Akta: Abin da Ya Hana Terminator 2 Tsufa

Duk wanda ya taso da kallon finafinan Turawa a gidan kallo, ko a falon maƙwabci mai bidiyo da janareta, ya san dokoki biyu da ba a rubuta su ko'ina ba. Ta farko, akta ba ya mutuwa. Ta biyu, bos bos ne, ba ya tuba, kuma ba ya faɗuwa sai fim ya zo ƙarshe. Da waɗannan dokoki muke fahimtar labari ko da ba ma jin Turancin da ake yi. Da zarar an fara fim, abin da kowa ke tambayar na kusa da shi ke nan: wane ne akta, wane ne bos? In an gane su, sauran mai sauƙi ne.

Terminator 2, wanda ya fito a Amurka ranar 3 ga Yuli, 1991, ya karya dokokin nan duka biyu a fim guda. Ya ɗauko bos ɗin da ya fi kowane tsoratar da mu ya mai da shi akta, sannan da muka saki jiki da shi, ya kashe shi a gaban idonmu. A ganina nan ne sirrin ƙaunar da masoyansa ke yi masa fiye da shekara talatin, kuma sauran abubuwan da ake yawan ambata, fashe-fashe da tseren motoci da mutumin da ke narkewa, duk hidima suke yi wa wannan juyin.

Sai an koma kashi na farko kafin a gane nauyin abin. James Cameron, ɗan ƙasar Kanada da ya taɓa tuƙin babbar mota kafin ya shiga harkar fim, yana ɗan shekara 30 ya fitar da The Terminator a 1984. Ya sha ba da labarin cewa a Rum, yana kwance da zazzaɓi, ya yi mafarkin wani ƙwarangwal na ƙarfe yana fitowa daga cikin wuta, daga nan labarin ya tsiro. Ba shi da suna a lokacin, don haka ya sayar wa furodusa Gale Anne Hurd haƙƙin labarin a kan dala ɗaya, bisa sharaɗin shi zai ba da umarni. An kashe wa fim ɗin dala miliyan 6 da 'yan kai, ya dawo da kusan miliyan 78. Labarinsa gajere ne kamar tatsuniyar dodo. A shekarar 2029 wata kwamfuta mai suna Skynet tana yaƙi da ragowar 'yan Adam, tana gab da shan kashi a hannun jagoransu John Connor, sai ta turo wani mutum-mutumi mai fatar mutum zuwa 1984 ya kashe uwarsa, Sarah, tun kafin ta haife shi. Sarah yarinya ce mai aikin kai abinci a gidan abinci, ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Arnold Schwarzenegger ne dodon. Ba ya jin roƙo, ba ya gajiya, a harbe shi ya tashi, a ƙone shi ya fito daga wutar yana ɗingishi.

Shekara bakwai aka yi kafin a ci gaba, galibi saboda rikicin wanda ya mallaki haƙƙin fim ɗin, har kamfanin Carolco ya saye shi. A tsakanin nan Arnold ya zama wani abu dabam. Ya yi Commando a 1985, wanda ya sa a wurinmu sunansa na yanka ya ɓata, kowa Kwamando yake kiransa. Ya yi Predator, ya yi Total Recall, har finafinan barkwanci da yara ya yi. Mutumin da duniya ta riga ta rungume shi, mayar da shi mai bin mace da bindiga zai yi wuya. Cameron da abokin rubutunsa William Wisher suka mai da wannan matsala jari. Aka zuba kusan dala miliyan 100, kuɗin da ba a taɓa kashe wa fim ba kafin lokacin, kuma ya dawo da sama da miliyan 500, ya zama fim mafi kawo kuɗi a 1991.

Mu da muka saba da finafinan da ake yanka labari ɗaya gida biyu a ce mu haɗu a kashi na biyu, mun san yadda ci gaba ke zama cin kuɗin mai kallo. Abin da Cameron ya yi ya bambanta. Ya ɗauki abin da ka riga ka sani daga fim na farko ya yi maka tarko da shi. Dubi yadda ya shirya rabin sa'ar farko. Mutum biyu sun sauko daga gaba, tsirara, cikin walƙiya, kamar dai wancan karon. Ɗaya Arnold ne, ya shiga mashayar 'yan babur ya karya mutane ya ƙwace kaya da babur. Ɗayan siriri ne, mai fara'a, ya sa kakin ɗan sanda, yana ƙwanƙwasa ƙofa cikin ladabi yana tambayar ina yaron yake. Duk mai hankali zai ce ga bos, ga mai ceto. Sai aka kai wani siririn lungu a bayan babban kanti. John, yaro ɗan shekara goma, yana gudu, ya yi kiciɓis da Arnold riƙe da dogon kwalin furanni. Kwalin ya buɗe, furannin suka zube, bindiga ta fito, takalminsa ya taka furen ya wuce. Yaron ya juya, ga ɗan sanda a bayansa shi ma ya zaro tasa. Arnold ya ce masa ya duƙa, ya saki harsashi a ƙirjin ɗan sandan, ya jawo yaron ya juya bayansa yana tare masa ruwan harsasai da jikinsa.

Tallace-tallacen fim ɗin a Amurka sun riga sun tona wannan asiri kafin ya fito. Mu da kaset ya iske mu babu talla babu jarida, mun sami abin yadda aka tsara shi. Ina iya tuna yadda ɗakin ya kaure da surutu, kowa na gyara wa ɗan'uwansa lissafi: ashe wannan karon Kwamando ne akta.

Da juyin ya tsaya a nan, da dabara ce kawai wadda ke aiki sau ɗaya. Abin da ke sa a sake kallon fim ɗin sau goma shi ne kowa a cikinsa ya sauya wuri. Sarah Connor da muka bari tana kuka a 1984, yanzu muna fara ganinta ta baya, a ɗakin asibitin masu taɓin hankali na Pescadero, ta kifar da gadonta tana jan jiki sama da ƙarfensa, damatsanta kamar an sassaƙa. An kulle ta ne domin ta faɗi gaskiya, ta ce ranar 29 ga Agusta, 1997, makaman nukiliya za su ci rayuka biliyan uku. Linda Hamilton ta yi watanni tana horo domin wannan rawa, har wani tsohon sojan kundumbala na Isra'ila ya koya mata sarrafa makamai, kuma ta fito daga aikin da rauni a jin kunne ɗaya saboda harbin da aka yi a cikin lif ba ta sa abin toshe kunne ba. Akwai wani wuri da nake ganin ya fi kowane nuna gwanintarta. Ta fasa ɗaki, ta karya hannun likita, ta doke masu gadi, tana gudu zuwa lif ba tsoro ko ɗaya a fuskarta. Ƙofa ta buɗe, sai ga fuskar da ta kashe uban ɗanta ta fito. Nan take ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, ta zube, tana ja da baya da gindi tana kururuwa, ta koma hannun masu gadin da take gudu. Shekara goma na taurin zuciya suka narke cikin daƙiƙa biyu.

Sannan fim ɗin ya kai ta inda ba a zata ba. Ta sami labarin cewa wani injiniya, Miles Dyson na kamfanin Cyberdyne, shi ne zai ƙirƙiro abin da zai zama Skynet. Ta ɗauki bindiga ta tafi gidansa da dare ta kashe shi saboda laifin da bai riga ya aikata ba, wato ainihin abin da aka zo yi mata a fim na farko. Jan ɗigon saiti yana kan ƙeyarsa yana aiki a kwamfuta, sai motar wasan ɗansa ta bugi ƙafarsa, ya sunkuya, harsashin ya wuce. Ta bi shi har cikin falo, ta harbe shi a kafaɗa, ta tsaya a kansa. Ƙaramin ɗansa ya faɗa jikinsa yana kare shi, matarsa tana roƙo. Hannun Sarah ya fara rawa, ta kasa. Ta zame jikin bango tana kuka. A daidai lokacin da na'ura ke koyon darajar rai, uwa ta kusa mantawa da ita, kuma wannan gicciyen hanyoyi biyu shi ne ƙashin bayan fim ɗin.

Dyson kansa ya cancanci a tsaya a kansa. Baƙar fata ne, Joe Morton ya fito a matsayinsa, kuma a finafinan faɗa na wancan zamani ba kasafai ake ba baƙar fata rawar masanin da ya fi kowa ƙwaƙwalwa ba. Mutumin kirki ne mai iyali, yana ganin aikinsa zai hana haɗarin jirgi da kuskuren ɗan Adam. Da Arnold ya nuna masa hannunsa na ƙarfe aka gaya masa ƙarshen abin, bai yi gardama ba, ya yarda a rusa aikin rayuwarsa. Mutuwarsa, yana zaune cikin jini yana haki, ya riƙe wani nauyi a saman maɓallin bam yana jinkirtawa domin 'yan sandan da suka harbe shi su samu su fice, tana daga wuraren da ba sa fita daga rai.

A tsakiyar duk wannan akwai yaro da ba shi da uba. John ɗan riƙo ne a hannun mutanen da bai ɗauke su iyaye ba, uwarsa tana raye amma an gaya masa mahaukaciya ce, ya zama ɗan iskan unguwa mai satar kuɗi a na'urar banki. Edward Furlong, wanda bai taɓa fim ba, yana ɗan shekara 13 aka ɗauko shi. Da John ya gano cewa wannan ƙaton, Arnold, dole ya bi umarninsa, abin da kowane yaro zai yi shi ya fara yi, ya sa shi tsayawa da ƙafa ɗaya, ya tsokani wasu ƙarti biyu don yana da mai tare masa. Da ya ga na'urar ta zaro bindiga za ta fasa kan ɗayansu da gaske, wasa ya ƙare. Ya sa ta rantse ba za ta ƙara kashe kowa ba. Daga nan har ƙarshen fim, na'urar da aka ƙera domin kisa ba ta ɗauki ran mutum ko ɗaya ba, gwiwa take harbi. Yaro ne ke yi wa babba tarbiyya, yana koya masa magana irin ta mutane, da tafa hannu, yana ƙoƙarin bayyana masa dalilin da ke sa mutum kuka. Sarah tana zaune nesa a hamada tana kallonsu, ta yarda a ranta cewa cikin duk mazan da suka ratsa rayuwarta, wannan ƙarfen ne kaɗai ba zai doki yaron ba, ba zai bugu ya yi masa tsawa ba, ba zai gudu ya bar shi ba. Maganar tana da ɗaci, domin hukunci ce a kan maza. Ina tsammanin yara da yawa da suka kalli fim ɗin, a Kalifoniya ko a Kano, abin da suka tafi da shi gida ke nan ko da ba su iya faɗinsa ba: a ce kana da wani babba wanda aikinsa kawai ya tsaya tsakaninka da duniya.

To, in bos ya koma akta, dole a samo wanda ya fi shi. Neman wanda ya fi Arnold ƙirji ɓata lokaci ne, sai Cameron ya bi ta wata hanya. Robert Patrick, mai fitowa a matsayin T-1000, wato mai kakin ɗan sandan nan, siriri ne, in Arnold bijimin sa ne to shi kububuwa ce. Jikinsa ƙarfe ne mai gudana kamar zaiba. A harbe shi ramin ya rufe. Yana ratsa ƙarafunan ƙofar kurkuku kamar ruwa, bindigar hannunsa ce kawai ke maƙalewa sai ya karkata ta. Yana shimfiɗe a ƙasa ya zama daɓen ɗaki, mai gadi ya taka shi ya wuce, ya taso a bayansa da kamanninsa. Patrick ya koyi gudu ba tare da buɗe baki ba domin kada a ga alamar numfashi. Amma abin da ya fi ban tsoro a tattare da shi shi ne satar fuskar wanda ka amince da shi. John ya kira gida daga wayar kan titi, matar da ke riƙonsa ta ɗauka da murya mai daɗi fiye da yadda ta saba. Arnold ya karɓi wayar, ya kwaikwayi muryar yaron, ya tambayi lafiyar karen gidan da sunan ƙarya. Ta ce karen yana lafiya. Ya ajiye wayar ya gaya wa John cewa masu riƙonsa sun mutu. Sai kyamara ta bi hannun matar a hankali, ashe ya zama doguwar wuƙa da ta ratsa kwalin madara da bakin mijinta ta kafe a jikin kabad. Ga kuma kakin da ya zaɓa. Wata huɗu kafin fitowar fim ɗin, a Maris 1991, duniya ta ga bidiyon 'yan sandan Los Angeles suna jibgar Rodney King. Masu kallo a Amurka sun zauna suna ganin makashi sanye da wannan kaki, kowa na buɗe masa ƙofa.

Ana yawan cewa wannan fim ne ya buɗe ƙofar zanen kwamfuta a Holiwud, kuma haka ne. Kamfanin Industrial Light & Magic, ƙarƙashin Dennis Muren, ya ɗora a kan gwajin da suka yi da halittar ruwa a fim ɗin Cameron na 1989, The Abyss, kuma shekara biyu bayan Terminator 2 aka ga ƙadangarun Jurassic Park. Cikin lambobin Oscar huɗu da Terminator 2 ya ci, har da na wannan fanni. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a fim mai tsawon minti 137, aikin kwamfuta bai wuce kimanin minti biyar ba. Sauran duk hannu ne. Stan Winston da mutanensa suka ƙera kawuna masu tsagewa da ƙirji mai buɗewa kamar fure. Inda T-1000 ya kwaikwayi mai gadi, tagwaye ne na gaske aka ɗauko. Inda aka ga Sarah biyu a masana'antar ƙarfe, ɗayar 'yar'uwar tagwaicin Linda Hamilton ce. Ƙatuwar motar janwe da ta faɗo daga gada cikin magudanar ruwa tana bin yaro a kan ɗan babur, mota ce ta gaske aka jefo. Jirgi mai saukar ungulu da ya bi ta ƙarƙashin gadar sama, matuƙi ne ya bi da shi. Shi ya sa in ka kalle shi yau kana jin nauyin abubuwa, ƙarfe yana bugun ƙarfe, alhali finafinan da suka zo bayansa da shekara ashirin, waɗanda aka zana komai nasu a kwamfuta, sun riga sun koma kamar wasan yara.

Ba na cikin masu cewa fim ɗin ba shi da aibi. Muryar Sarah da ke bayani a bayan hoto wani lokaci tana faɗin abin da ido ya riga ya gani. Fim ne da ke wa'azin darajar rai alhali yana sayar da tikiti da ƙarar bindiga, kuma harbin mutum a gwiwa, ko da bai mutu ba, nakasa ce ta har abada da fim ɗin ya wuce ta da dariya. Akwai masoya na gaske da suka fi son na 1984, suna cewa ya fi tsauri da duhu, babu yaro babu raha, kuma ina fahimtarsu. Lissafin tafiya cikin lokaci ma in ka matsa masa yana warwarewa: in an hana Skynet wanzuwa, wa ya turo uban John, wanda shi ma daga gaba ya zo?

Akwai kuma batun ƙaddara, wanda mai kallo Musulmi ba zai wuce shi haka nan ba. Sarah ta sassaƙa da wuƙa a kan tebur cewa babu wani abin da aka riga aka rubuta. A zahirin lafazi wannan ya saɓa wa abin da muka yi imani da shi. Amma in ka dubi abin da mutanen labarin suka aikata, riƙon sababi ne. An gaya musu bala'i na tafe, suka ƙi naɗe hannu. Mafarkin Sarah, inda take riƙe da shingen waya tana yi wa yara masu lilo ihu ba sa jinta har hasken ya zo ya mai da su toka, an yi shi ne a shekarar da Tarayyar Sobiyet ke rugujewa, lokacin da mutane suka fara cewa tsoron nukiliya ya wuce. 1997 ta zo ta tafi lafiya. Sai dai yau da ake muhawara kan ƙirƙirarriyar basira da jirage marasa matuƙa da za a iya bar wa zaɓin wanda za su harba, sunan Skynet ya zama kalmar da 'yan jarida da masana ke jefawa, kuma Cameron da kansa ya ce a 2023 ya yi gargaɗi tun 1984 ba a saurare shi ba. A shekarar ne kuma Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa fim ɗin cikin jerin waɗanda ake adanawa domin tarihi.

An yi ƙarin kashi huɗu bayansa, a 2003, 2009, 2015 da 2019. Na 2003 ya ce ranar halaka jinkirta ta kawai aka yi, ya rushe abin da Dyson ya mutu a kai. Na 2019 ya dawo da Linda Hamilton amma ya kashe John a mintunan farko. Babu wanda ya zauna a zukata, kuma masoya da yawa a wurinsu labarin ya ƙare ne a 1991, a masana'antar ƙarfe.

A can, bayan T-1000 ya faɗa narkakken ƙarfe yana sauya fuskokin duk waɗanda ya kashe, John ya jefa a ciki hannun ƙarfe da guntun ƙwaƙwalwar mutum-mutumin fim na farko, waɗanda Cyberdyne ta ɓoye. Sarah ta ce an gama. Arnold, hannu ɗaya ya guntule, rabin fuska ƙarfe a fili, ya nuna kansa ya ce saura guda. Ba zai iya halaka kansa ba, don haka ya miƙa wa Sarah maɓallin sarƙa, matar da ta yi shekara goma tana mafarkin wannan fuska. Yaron ya riƙe shi yana kuka yana ba shi umarni kada ya tafi, kuma karo na farko na'urar ta ƙi bin umarninsa. Ya taɓa hawayen da yatsa, ya ce yanzu ya gane dalilin kuka, ko da yake shi ba zai taɓa iyawa ba. Sarah ta ba shi hannu suka gaisa, ta danna. Sarƙar ta sauka a hankali, wuta ta ci ƙafafu, ta ci ƙirji, abu na ƙarshe da ya rage a sama shi ne hannu da babban yatsa a ɗage.

Cameron ya ɗauki wani ƙarshen dabam, inda Sarah ta tsufa tana kallon jikarta a filin wasa, John ya zama sanata, amma ya cire shi ya sa baƙin titi da dare yana gudu a ƙarƙashin fitilar mota. A ɗakin da na fara kallonsa babu wanda ya tashi da titin ya bayyana. Sunaye suka fara hawa, mai gidan kallo ya miƙa hannu zai cire kaset, wani daga baya ya ce masa ya dakata tukuna, akta zai fito.